Na Shiga Gudun Fanfalaki da Tsagar Ƙaho a Ƙafa

Gaisuwa ga edita da masu bibiyar wannan shafi. Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya. A shekarar da abin da zan ba ku labarinsa ya faru na ɗan haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga shago a bakin titi, ga tumbi da yake riga ni shiga ɗaki. Ɗinki ya karɓe ni, ba abin da zan ce wa Allah sai godiya. Sai dai ina da hali guda wanda duk majalisar ƙofar shagona ta san ni da shi, wato ba na barin magana ta faɗi ƙasa. In aka ce abu ba zai yiwu ba, ni ne mai cewa a ajiye mini shi. In aka zolaye ni sau ɗaya sai na rama da ribi, ko da kuwa zan bar rigar mutane a kan keke in fito waje. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan ce bakina ya fi almakashina kaifi, ni kuwa a lokacin yabo na ɗauki maganar.

Ciwon suga gado ne a gidanmu. Shi ya ci ƙafar mahaifina ta dama, daga wani ɗan ƙurji da ya fito masa tsakanin yatsu wanda bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ina saurayi aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Sauran shekarunsa da sandunan asibiti ya yi su, irin masu shiga hammata ɗin nan, kuma har gobe ina iya jiyo ƙararsu a simintin zaurenmu idan zai fita masallaci. Da ya rasu Inna ta ƙi bayar da su, ta ɗora su a saman sif ɗin ɗakinta. Duk lokacin da na shiga gaishe ta sai in zauna in ba su baya. Saboda haka ranar da likita ya dubi sakamakon jinina ya ce ni ma ciwon ya kama ni, sandunan nan ne suka fara faɗo mini a rai. Abu biyu ya ja mini kunne a kansu bayan magani da abinci. Ya ce in riƙa motsa jiki, sannan in kula da ƙafafuna fiye da idona, kada in bar aska ko reza ta taɓa su, kuma ko ƙwarzane na samu in zo a duba. Ta farko na riƙe ta da hannu biyu. Ta biyun ta shiga ta nan ta fita ta can.

Wanda ya ɗora ni a kan gudu abokina ne na ƙuruciya. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Iyayensa mutanen Wusasa ne, Kiristoci, aiki ya kawo babansa Tudun Wada, muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya. Inna ba ta taɓa kiransa da wani abu ba sai ɗana, kuma a zaurenmu ya yi rabin yarintarsa yana jin Baba na biya wa mutane karatu. Yanzu malamin sakandare ne, siriri kamar tsinken tsire, kuma tun yana makaranta yake gudu. Da ya ji abin da likita ya ce, bai yi mini wa'azi ba. Washegari ina fitowa daga sallar asuba na same shi a ƙofar gida da wani tsohon kambas a hannu, ya ce in saka. Ranar farko ban kai ƙarshen layinmu ba na dafa bango ina haki, yara masu zuwa ɗibar ruwa suna dariya. Washegari abokin nawa ya dawo. A hankali layi ya zama unguwa, unguwa ta zama zagaye har Tudun Jukun mu dawo. Suga ya sauka, likita ya yaba, har sai da na zauna na rage ƙugun wandunana da kaina. A karo na farko na fara jin cewa ni ba zan bi hanyar Baba ba.

Ana haka, wajen ƙarshen damina, wata ƙungiya ta sanar da za ta shirya gudun fanfalaki a cikin gari, irin rabin nan mai kilomita ashirin da ɗaya. Abokina ya ce mu shiga, ya ce ba sai na yi sauri ba, in dai na kai ƙarshe ya isa. Na yi kuskuren faɗa a majalisa. Ai kuwa kamar na jefa wa kaji tsaba. Maƙwabcina mai sayar da yadi, wanda kullum muke 'yar tsama da shi, ya ce za su haɗa hannu su ɗauki hayar keke napep ya riƙa bina a baya don kada a sha wahalar neman abin ɗauko ni. Wani ya ce in gama musu ɗinkunansu tukuna kafin in tafi, don ba su san magajina ba. Aka kwashe da dariya har da tafa hannu. Raina ya ɓaci fiye da yadda maganar ta kai. Na miƙe tsaye, na dangwali ƙasa na lasa, na ɗaga yatsa sama, na rantse da Allah sau uku cewa sai na kai ƙarshen gudun nan da ƙafafuna, ba wanda zai ɗauke ni, ko da ƙafar za ta guntule. Wani dattijo da yake jiran rigarsa ya ce mini, Malam, a riƙa cewa in Allah ya so. Na ce masa ai Allah ya riga ya so. Haka na faɗa da bakina, a gaban mutane.

Saura kamar mako guda na fita ni kaɗai, don abokin nawa yana fama da jarrabawar ɗalibai. An yi ruwa a daren, hanya duk santsi. A wajen Tudun Jukun na taka murfin kwata wanda ya fashe, ƙafata ta dama ta zurma ta lanƙwashe. Da ƙyar na hau acaɓa na dawo gida. Kafin azahar ta kumbura tun daga idon sawu har yatsu, ta yi suntum. Na san in na je asibiti za a ce in huta, in na gaya wa abokina shi ma haka zai ce, ni kuwa rantsuwata ce kawai take yi mini yawo a ka. Sai na aika masa cewa ɗinki ya yi mini yawa, mu haɗu ranar gudu. Na tafi wurin wanzamin gidanmu, wanda shi ya yi wa duka 'ya'yana askin suna. Ya latsa ƙafar ya ce mataccen jini ne ya kwanta, ƙaho zai fitar da shi, kafin mako in tashi garau. Ba zan ɗora masa laifi ba, domin kafin ya fito da aska sai da ya tambaye ni ko ina da wata larura a jiki. Na ce masa lafiyata lau. Ya kafa ƙahonni a bayan ƙafar, kusa da gindin yatsu, ya tsattsaga, ya zuƙo wani baƙin jini. Ina kallonsa ina jin daɗi, wai ciwo ne yake fita.

Kumburin ya ɗan saɓe, amma tsagar ta ƙi bushewa. Na sha yin ƙaho a baya da wuya kafin ciwon ya same ni, kwana biyu ya kame. Wannan kuwa kullum sai in ga ruwa-ruwa yana tsattsafowa, gefen ya yi ja, daga baya ya fara wani ɗan wari. Na koma sa safa dare da rana. Matata ta tambaye ni safar mece ce a wannan zafin, na ce sanyin damina ne ya shiga mini ƙafa. Ta yi mini kallon da na san ba ta yarda ba, amma ta san halina, ta ƙyale ni. Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne ba na jin zafi sosai. Ni a wautata alamar sauƙi ce, ashe sugan ne ya fara kashe mini jijiyoyin ji, abin da likita ya taɓa gaya mini na manta. Ranar gudu na tashi da ɗan zazzaɓi. Na haɗiyi ƙwayoyin kashe ciwo da na saya a kemis, na yago ƙyallen farar shadda daga ragowar ɗinki na naɗe ƙafar tam, na tura ta cikin farin kambas ɗina da ƙarfin tsiya. Igiyar takalmin ma da ƙyar ta ɗauru.

Ban taɓa ganin taro irin na safiyar nan ba. Sojoji, ɗalibai, 'yan mata da hijabi da kambas, dattawa masu furfura, kowa da lamba a ƙirji. Abokina ya zo yana murmushi, ya ce zai raka ni har Kwangila, inda ake juyowa, daga nan zai ƙara wuta, don ya daɗe yana shirin gwada kansa da sa'o'insa. Na ce ya tafi tun yanzu ma in yana so. Aka busa, muka tashi. Farkon tafiya lafiya lau, iska mai sanyi, mutane a bakin titi suna yi mana kirari. Muna haye gadar Kubanni na fara jin kamar akwai tsakuwa a cikin takalmin, can kuma sai ta zama kamar garwashi. Na fara ɗingishi ba tare da na sani ba. Ya waiwayo ya tambaye ni lafiya, na ce takalmin ne ya matse ni. Ya ce mu tsaya in sassauta igiya, na ce a'a, in na tsaya ba zan iya tashi ba. Na lura ya rage gudu, kuma ya daina kallon hanya, ƙafata yake kallo.

A Kwangila akwai teburin ruwa. Na miƙa hannu zan karɓa ke nan ya damƙi hannuna ya ja ni gefe, bayan wata mota da aka ajiye. Ya nuna mini ƙasa. Farin kambas ɗin nan ya rine daga sama har gefe, wani wuri ja, wani wuri ruwan ɗorawa. Ni kaina sai da gabana ya faɗi. Ya ce in gaya masa gaskiya. Na fara kame-kame, na ce ƙaramin targaɗe ne, na ce an ma yi magani. Ya ce wane magani. Da na ce ƙaho, sai ya sake ni ya ɗora hannu biyu a ka. Shekara arba'in muna tare ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko ɗalibansa sun san shi da sanyi, amma ranar sai da masu ba da ruwa suka juyo. Ya tambaye ni ko na haukace ne, mai suga da aska a ƙafa. Ya tambaye ni ko na manta wanda ya tura keken asibitin da aka fito da Baba daga ɗakin tiyata, domin ni da shi muka tura. Ya ce gudu ya ƙare, motar asibiti tana tafe a baya tana kwasar waɗanda suka gaza, ita zan shiga.

Na ce masa na rantse. Ya ce ya ji labari, duk Tudun Wada ta ji. Sai ya kawo maganar da har yau in na tuna ta nake jin kunya, don shi da ba addininsa ba ne ya tuna mini abin da addinina ya tanada. Ya ce shi a zaurenmu ya ji Baba yana karantar da mutane cewa wanda ya yi rantsuwa ya ga barinta ya fi alheri, sai ya bar ta ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su. Ya ce kai ba tela ba ne, riguna goma aikin kwana nawa ne a wurinka. Ya ce shi zai sayi yadin, a wurin mai yadin nan da ya zolaye ni ma zai saya, ni nawa ɗinki ne kawai. Wallahi na san gaskiya ya faɗa, na san hukuncin tun ina yaro. Amma a lokacin ba Allah nake jin tsoro ba, dariyar majalisa nake ji wa tsoro, sai na laɓe a bayan sunan Allah. Motar asibitin ta iso ta tsaya, wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta tambaya ko akwai matsala. Na ɓoye ƙafar a bayan ɗayar. Na ga abokina ya buɗe baki, sai na matso kusa da kunnensa na ce masa idan ya yi magana, ba ni ba shi har abada, ko gawata kada ya zo. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ya ce wa matar hutawa muke yi. Motar ta wuce.

Na ce masa ya tafi ya yi gudunsa. Ya koma ɓangaren damana, ya ɗauki hannuna ya ɗora a kafaɗarsa, muka kama hanyar dawowa. Abin da muka yi daga nan ba za a kira shi gudu ba, ɗan sassarfa ne, in ya gagara mu koma tafiya. Rana ta ɗaga. Waɗanda muka wuce da safe duk suka wuce mu, har wani tsoho da yake tafe da carbi a hannu. Aka buɗe hanya, motoci da 'yan acaɓa suka dawo suna yi mana ham, wasu suna tambaya ko a ɗauke mu. Kowane taku ina jin takalmin yana yin caɓal kamar na taka taɓo. Ƙwayar da na sha ta sake ni, zafi ya taso tun daga yatsu har cinya, haƙorana suna haɗuwa don sanyi alhali gumi yana zuba. Sau biyu idona ya yi duhu, ya zaro dabino daga aljihu ya tura mini a baki, ashe tun daga gida ya tanado saboda ni. A duk mararrabar da muka zo sai ya sake tambayata, a hankali yanzu, ko in haƙura haka nan, riguna goma ne fa. Ni kuma in girgiza kai. Can wajen gada sai zafin ya ɗauke ɗif daga yatsun, na daina jin su gaba ɗaya. Na gaya masa da murna cewa na samu sauƙi. Maimakon ya yi murna sai na ji kafaɗarsa ta yi tauri a ƙarƙashin hannuna, ya fara addu'a ƙasa-ƙasa.

Hanyar ta bi ta gaban shagona. Tun daga nesa na hango 'yan majalisa a tsaye, har da wanda ya aro ganga. Suka ɗauki ihu suna kiran sunan shagon. Na cire hannuna daga kafaɗar abokina, na miƙe ƙirji, don wannan lokacin na yi duk abin da na yi. Amma muna matsowa sai ihun ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai ganga ya tsaya. Sun ga takalmin, sun ga sawun da nake bari a kwalta. Mai yadin nan ya fito da gudu da silifas ɗinsa, yana bina a gefe yana roƙona don Allah don Annabi in tsaya, wai shi wasa yake yi, wai sun yarda na fi ƙarfinsu, ya ce ko a gaban wa zai faɗa. Abin da na yi ta jira in ji ke nan, ga shi na ji, amma bai yi mini daɗin komai ba. Kuma ban tsaya ba. Na ce saura kaɗan. Haka muka ƙarasa, abokina a dama, mai yadi a hagu, sauran majalisa a baya shiru kamar masu rakiyar gawa. Da muka isa har an fara kwance rumfa. Wata yarinya ta lalubo lambar yabo a cikin kwali ta rataya mini, ta rataya wa abokina, wanda da ya so da tuni ya yi wanka ya ci abinci a gidansa.

Ban samu na zauna ba abokina ya tare keke napep. Ashe dai sai na shige shi, kamar yadda suka faɗa. A asibiti da almakashi aka yanka takalmin, aka ɓamɓare shaddar da ta manne da nama. Warin da ya tashi ya sa mai yadi ya fita waje. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi, jan kuma ya haura sama da idon sawu. Likita ya tambaya, na faɗi komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Biro ya ciro daga aljihu ya ja layi a ƙwaurina, ɗan sama da inda jan ya tsaya. Ya ce za su sa mini magunguna ta jijiya, yatsun nan biyu kam sai dai haƙuri, amma idan jan ya haye wannan layin, to ƙafar za su cire daga ƙasan gwiwa don su ceci raina. Daga ƙasan gwiwa, ƙafar dama. Na kwanta ina kallon layin biron nan, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kowace safiya in aka yaye zane, ni da abokina tare muke leƙawa. Rana ta farko jan ya matso. Ta biyu ya ƙara matsowa, har sai da tazarar ta zama ba ta fi faɗin tef ɗin awo ba.

A kwanakin nan abokina ya sha abin da ba shi ya shuka ba. Matata ta daina amsa gaisuwarsa, a ganinta shi ya koya mini gudu, shi ya ja ni har na ƙarasa. Da Inna ta zo, ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta juya gare shi ta yi masa tambaya ɗaya, ta ce ɗana, kana wurin? Ya sunkuyar da kai ya ce yana wurin. Bai ce na ɓoye masa ba, bai ce ya roƙe ni ba, bai faɗi abin da na raɗa masa a Kwangila ba. Ya ci gaba da zuwa daga makaranta kai tsaye, yana kawo mini ruwan alwala, yana juya ni in fuskanci gabas. Sai da na kasa jurewa na tara su na faɗa musu yadda aka yi da bakina. Matata ta yi kuka ta ba shi haƙuri. Shi kuwa ya ce ba haƙurin da za a ba shi, laifinsa yana nan, da ya gaya wa ma'aikaciyar jinyar nan ko da zan yi shekara goma ba na yi masa magana. Ya ce ya zaɓi abota a kan ƙafata, kuma bai zaɓa daidai ba. Allah cikin ikonsa, jan ya tsaya a ƙasan layin, daga baya ya fara ja da baya. Aka cire yatsu biyu da ɗan gefen ƙafar, aka bar mini sauran.

Ranar da aka sallame ni likita ya ce kada in taka ƙafar sai bayan watanni, a nemo mini sanduna. Abokina ya ce zai je ya sayo, Inna ta ce kada ya wahalar da kansa. Da muka isa gida na tarar ta sa an sauko da na Baba daga saman sif, ta goge musu ƙura da kanta, ta jingine su a zaure. Na sa su a hammata. Ko ƙusa ɗaya ba a matsar ba, tsawonsu daidai ni. Na ɗaga na yi taku na farko, suka buga simintin zauren, ƙarar nan da na sani tun ina saurayi ta tashi. Inna ta juya ta shige ɗakinta ta ja labule. A nan na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Yanzu na ajiye sandunan, ina takawa da ɗan ɗingishi, in wuta ta ɗauke kuma da ƙafar hagu nake taka keken ɗinki. Gudu dai na yi sallama da shi. Abokina har yau yana buga mini ƙofa bayan asuba, mu taka a hankali mu zaga unguwa, sai ya rako ni gida sannan ya tafi nasa gudun. Lambar yabon tana cikin durowar da nake ajiye maɓallai, ban taɓa rataye ta ba. Ba na cewa gudu ne ya cuce ni, shi ne ma ya so ya cece ni, ni ne garin neman gira na tashi rasa ido. Ina roƙon duk mai ciwon suga da ke karanta wannan, kada ya bar ƙaho ko tsaga ko aska su kusanci ƙafarsa, kuma in wanzami ya tambaye shi larura ya faɗi gaskiya. Rashin jin zafi ba sauƙi ba ne. Wanda kuma Allah ya ba aboki irin nawa, kada ya sa shi a tsakanin abota da gaskiya kamar yadda na sa shi. Kai kuma abokin, in ta kai ga haka, ka tona, fushi yana hucewa. Masu saurin rantsuwa irina, ku sani Allah ya bar mana ƙofa a buɗe, mu ne muke rufe ta don kada a yi mana dariya. 'Yan majalisar da na ji wa tsoro ko wata ba a yi ba suka koma hirar ƙwallo. Riguna goma a wurina aikin mako guda ne. Yatsu biyu kuwa, har yau ban ga telan da zai ɗinka mini su ba.